Tumbinmu Ɗaya

Yayan matata ba injiniya ba ne. Kayan gyaran janareta yake sayarwa a wani shago da mutum biyu ba sa iya juyawa a cikinsa, amma tun ranar da wani mai neman ragi ya kira shi Injiniya sunan ya manne, shi kuma bai taɓa cewa a daina ba. Tun ina neman auren ƙanwarsa nake jin zai tafi ƙasar waje. Aka ɗaura aure yana shiri, muka haifi yara yana shiri, gashin tsakiyar kaina ya zube yana nan yana shiri. Bana sai ya zo da sabon labari, wai wani kamfani zai kai shi kwas wata ƙasa inda ruwa ke daskarewa a cikin famfo, kuma da shigowar sanyi zai tashi.

A falona ya faɗi wannan, a kan kujerata, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya yana shan shayina.

"Ƙanwata, sanyin can ba irin naku ba ne," ya ce wa matata. "Can in ka tofar da yawu, kafin ya kai ƙasa ya zama tsakuwa."

"Ka taɓa zuwa ne, Injiniya?" na tambaye shi.

"Ina da mutane a can."

Matata ta ajiye butar shayi. "To Yaya, ai sai in saƙa maka rigar sanyi. Mai maɓalli a gaba, ta ulu."

Ya kamata in yi bayani a nan. Matata gwanar saƙa ce. Babu jaririn da aka haifa a layinmu da bai sa hularta ba, wasu har sun girma suna wuce ni a hanya ba gaisuwa. Ta saƙa wa mahaifiyarta safa, ta saƙa wa butar shayi riga. Ni kuwa ko zare ɗaya ban taɓa gani a jikina ba. Laifina shi ne, muna sabon aure, na taɓa buɗe ƙirji a gabanta na ce ni ba na jin sanyi. Ƙarya ce irin ta ango. Ta manta alƙawura da yawa da na yi mata, wannan kam ta riƙe. Duk shekara ina karkarwa a ofis cikin wata tsohuwar kwat mai warin akwati, ban kuma iya buɗe baki na roƙa ba. Ga shi yau za a saƙa wa mai sayar da fulogi.

Ta ɗauko tef ɗin awo daga cikin gwangwanin maɓallanta. "Yaya, miƙe in gwada ka."

Ya duba agogonsa, wanda na san ba ya aiki. "Ina na ga lokaci? Ki gwada a jikin mijinki. Ai tumbinmu ɗaya."

Ya fita ya bar ni da wannan magana.

Tumbinmu ɗaya. Ban ce ba ni da tumbi ba. Ina da ɗan tudu irin na mutumin da ya yi rayuwarsa a bayan tebur yana buga hatimi. Amma nasa tulu ne, shi yake riga shi shiga ɗaki. Saboda haka da matata ta zagayo da tef ɗin ta cikina, sai na ja numfashi na tsuke, na ɗaga ƙirji kamar kurtun soja.

Ta dubi tef ɗin, ta dube ni. "Baban yara, ka rame ne?"

"Aiki ne," na ce da 'yar siririyar murya.

Ta riƙe wurin da babban yatsa, ta karanta awon.

Da farko girman kai ne kawai. Sai da na je ofis washegari, ina zaune a gaban fayil, dabarar ta faɗo mini. In an saƙa rigar a kan wannan awo, ba za ta shiga tulun Injiniya ba. In ba ta shige shi ba, wa ya rage a gidan? Ni kuma kafin sanyi ya shigo ai na sauke ɗan tudun nawa. Abu ne mai sauƙi, a daina sukari, a riƙa hawa bene da ƙafa. Har na yi murmushi, Akawun da ke teburin kusa da nawa ya tambaye ni ko ƙarin girma ne ya fito.

Ta sayo zaren ulu ruwan toka, mai laushi, da maɓallan katako. Ni aka ɗora wa aikin riƙe zaren. In na dawo da yamma sai in zauna a gabanta in miƙa hannuwa biyu kamar wanda 'yan sanda suka kama, ta rataya mini zaren tana naɗe shi dunƙule-dunƙule. Mutum mai hatimi a aljihu ya zama maratayi.

Saƙar ba irin ta hular jarirai ba ce. Mai kitso ce, layi-layi suna hawa daga ƙugu zuwa kafaɗa suna harɗe juna kamar tufkar igiya. Tana da wani ɗan lanƙwasasshen tsinke ban da manyan biyun. In ta zo wurin harɗewa sai ta kwashe 'yan idanun saƙar a kansa, ta bar shi yana reto a gaba, ta saƙa na bayansu, sannan ta dawo ta ɗauke su. In ta ajiye tsinken a gaba kitson ya karkata hagu, in a baya ya karkata dama. Gaban rigar biyu ne, kowane ɓangare kitsonsa yana kallon ɗan'uwansa. Na raina abin da baki, amma idona ba ya barinsa.

"Kitso yana cin faɗi," ta ce mini wata rana. "Yana tsuke saƙa. Shi ya sa nake yawan gwadawa. Miƙe."

Na miƙe na tsuke. Ta kara gaban rigar a ƙirjina, ta ja gefe da gefe suka haɗu lafiya lau a kan cibiya. Haka muka riƙa yi duk mako. Har na ƙware, ina iya amsa gajeruwar tambaya ba tare da cikin ya faɗo ba.

Maganar rage tumbi kuwa, na daina sukari har na tsawon wani ɗan lokaci da ba zan faɗa ba. Benen ofis na hau shi da ƙafa, na isa hawa na biyu na tsaya ina karanta sanarwar da ke manne a bango, wadda ni na buga mata hatimi. Mai kawo mana burodi da shayi ta ce ko ta yi mini laifi ne na daina saya. Ban so in ɓata mata rai ba.

Injiniya yakan leƙo, yawanci daidai lokacin da ake sauke tukunya. Sai ya ɗaga saƙar da yatsu biyu, yatsun da bakin mai bai gama fita daga farcensu ba.

"Har yanzu? A can inji ke yin irin wannan kafin ka gama shan ruwa."

"Na inji daban, Yaya."

"Haka ne. Na inji ya fi daidaito."

Ita sai ta yi dariya, wai wasa yake yi. Ni kuma in ji daɗin dabarata ya ƙaru.

Sau ɗaya na kusa tona kaina. Ta kai kusan kafaɗa sai ta hango, can ƙasa kusa da ƙugu, wuri guda da kitson ya karkata dama maimakon hagu. Ni sai da ta ɗora yatsana a kai sannan na gani. Na ce ta bari, Injiniya ko hannu uku aka yi wa rigar ba zai lura ba. Ba ta kula ni ba. Ta saki idanun wannan layin kaɗai suka zube har ƙasa, zare ya tsaya tsirara kamar matakalar tsani, ta juya harɗin, ta riƙa kamo su ɗaya bayan ɗaya tana hawa. Yinin ranar hutunta ya tafi a nan. Ina kallon wuyanta a sunkuye, na buɗe baki zan yi magana. Sai na tuna "tumbinmu ɗaya", na rufe.

Dunƙulen ƙarshe ya ƙare a bakin hannun riga. Ta koma shagon da ta sayo zaren don ta ƙaro ko guda ne na ajiya, mai shagon ya ce wannan ruwan tokar ya ƙare, wanda ya zo yanzu ya fi duhu. Ta ce ba komai, ai ta gama.

Sanyi ya shigo. Tumbina yana nan inda na bar shi, ina ma jin ya ɗan samu ci gaba.

Ranar miƙa riga Injiniya ya zo da ƙamshin turare kamar mai zuwa karɓar lambar yabo. Ta wanke rigar da ruwan sanyi, ta shanya ta a kwance kan tawul, ta naɗe ta cikin farar takarda. Ya zura hannuwa. Kafaɗa ta zauna. Maɓallin sama ya shiga, na biyu ya shiga da lallashi. A na uku aka tsaya. Ya ja, kitson ya baje har ana hango singiletinsa ta cikin saƙar, ya ƙara ja, maɓallin ya shiga, ya yi numfashi, maɓallin ya tsinke. Ya bugi tebur ya gangara ƙarƙashin firji.

"Ƙanwata, wannan ai ta ɗan makaranta ce." Ya tuɓe ya jefa ta kan hannun kujera. "Bar shi kawai, in na sauka can na sayi ta gaske. Dama kamfanin sun ɗaga tafiyar zuwa baɗi."

Ya sha shayi, ya ci abin da ya samu, ya tafi. Matata ta durƙusa ta zaƙulo maɓallin da tsinken saƙa, ta share masa ƙura a gefen zaninta. Ni ina zaune na haɗa fuska irin ta mai jaje.

"Bai san darajar abu ba," na ce. "Kada dai ta lalace a ajiye."

Ta miƙo mini rigar. "Sa."

Na sa. Laushinta a wuya, ɗuminta a baya, ban san haka ulu yake ba. Na tsuke na ɓalla maɓallan da suka rage. Ta yi mini ɗas.

"Saki numfashin, Baban yara."

"Wane numfashi?"

Ta tsaya tana kallona, hannu a ƙugu. Ta san iyakata, ta sha gani duk mako. Na riƙe, na riƙe, kunnuwana suka fara ƙara. Da na saki, rigar ta buɗe baki a kan cibiya, daidai inda ta buɗe wa Injiniya, faɗin ma ɗaya.

"Yaya bai yi ƙarya ba," ta ce.

Na ce ko za ta ɗan ƙara mata faɗi ta gefe. Ta ce da wane zaren. Na ce to a warware a sake. Ta dube ni irin duban da take yi wa mai kayan miya in ya cusa mata ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan leda. Sannan ta zauna, ta zura zare mai ƙarfi a allura, irin wanda ake ɗinke jaka da shi, ta mayar da maɓallin, ta bi sauran duk ta ƙara musu ƙarfi.

"Jikin da ka nuna mini shi na saƙa wa," ta ce, ta cije zaren. "Sai ka nemo shi."

Yanzu ina da rigar sanyi. Kowace safiya tana tsayawa a bakin ƙofa ta ga na ɓalla maɓallan har ƙasa kafin in fita. Na gwada buɗe su a kwanar layi, amma mai shagon kwanar ƙawarta ce, labari ya riga ni dawowa gida. A ofis Sakatariya ta shafa kitson ta ce aikin hannu ne mai kyau, Akawu kuma ya ce na zama mutum mai nutsuwa, ba na yawan magana a taro.

Shekaranjiya na haɗu da Injiniya a bakin shagonsa, yana zaune a kan wani mataccen janareta yana shan rana. Ya ƙare mini kallo daga wuya har ƙugu.

"Ashe ta yi maka, suruki. To ka ga, na fi ka cin abinci."

Ina da amsa mai kyau, na daɗe ina tanadinta. Amma doguwa ce, tana bukatar numfashi. Na ɗaga masa hannu na wuce.