Tabon Direban Tasi

Kwana tara ke nan da direban tasi ya kauce hanya da Auta, malamar zane a wata sakandare. Ya kulle ƙofofin motar, ya ɗaga mata wuƙa ta saman kafaɗarsa ba tare da ya waiwayo ba, ya ce ta jefo jakarta gaba ta fita. Waya, katin aiki, makullan gida, duk suka tafi. Ba ta ga fuskarsa ba sai a madubin gaban mota. Da 'yan sanda suka tambaye ta kamanninsa, bakinta ya mutu. Tabo kawai ta iya tunawa, a kuncin hagu.

Tun daga ranar ba ta koma aiki ba. Tana ƙunshe a gidan da suke haya ita da yayarta, hawa na uku, ko cokali ya faɗi sai ta zabura.

Ranar Asabar da hantsi Yaya ta dire mata kayan aikinta a tebur.

"Auta, tun da bakinki ya ƙi faɗa, bari hannunki ya faɗa. Na gaji da ganinki kamar kazar da ruwa ya daka."

Auta ta jawo faifan roba mai kauri, irin wanda take koya wa ɗalibai sassaƙa hoto a kai, ta ɗauki 'yar wuƙar sassaƙa. Ba ta zana komai da fensir ba, ba ta kuma nemi kyau ba. Ta ƙwaƙule idanun suka yi zuru-zuru, ta tsattsaga goshin, ta karkatar da bakin, ta ja tabon da ƙarfi har wuƙar ta zame ta yanke ta a yatsa. Ta tsotse jinin ta ci gaba. Da ta gama, ta mulka baƙar tawada da rola, ta ɗora takarda, ta murza da bayan cokali.

Ta ɗaga takardar a hankali. Kamar kowane bugu, hoton ya juya, hagu ta koma dama. Kwana tara tana neman mai tabo a hagu, ta manta a madubi ta gan shi.

"Yaya," ta ce, "mai gyaran wutar nan."

"Wanne?"

"Mai hular nan da muka wuce a matakala jiya, da muka dawo daga asibiti. Wanda ya ce mai gida ya turo shi duba mita. Tabonsa a dama yake."

Yaya ta ƙura wa takardar ido, ta dafe ƙirji. Kafin ta ce uffan, suka ji taku ya tsaya a bakin ƙofa. Ba a ƙwanƙwasa ba. Sai ƙarar makulli yana shiga, yana juyawa, yana ƙin buɗewa. Aka zare, aka gwada wani. Allah ya sa Yaya ta canza kwadon tun washegarin fashin.

Auta ta ja da baya. Ta sulale ƙarƙashin tebur, wuƙar sassaƙa a hannu. Aka fara dukan ƙofar da kafaɗa.

Yaya ta banke taga ta ƙwalla ihu: "Ɓarawo! Jama'a, ɓarawo a hawa na uku! Mai hula!"

Dukan ya tsaya. Aka ji gudu a matakala. A bakin get wani tela da wani mai walda suka tare shi, suka zaune shi har 'yan sanda suka iso. A aljihunsa aka sami katin aikin Auta.

Wani ɗan sanda ya hawo sama, ya karɓi takardar yana jujjuyawa, tawada na ɓata masa yatsu.

"Malama, wannan ai dodo kika zana. Amma wallahi shi ne."

Ya nemi ta sauka ta tabbatar da idonta. Auta ta je bakin matakala ta tsaya, ta kasa sauke ƙafa.

"Riƙe ni, Yaya," ta ce.

Yaya ta kama hannunta, suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya.