Ba a San Wanda Ya Gina Ba

"Iya, ba a taɓa gilashin," in ji mai gadin gidan tarihi.

Iya Maginiya ba ta janye hannunta ba. Daga kan keken da aka turo ta a ciki ta ƙara miƙa wuya, numfashinta yana barin tururi a jikin gilashin. Tela, maƙwabciyarta da katanga ɗaya ta raba su shekara goma sha tara, ita ce ke riƙe da keken. Ita ta ɗinka mata sabuwar riga saboda wannan rana, ita kuma ta lallashi likita ya bar ta ta fita awa biyu.

"Karanta min abin da aka rubuta a ƙasa," in ji Iya.

Tela ta duƙa. Ta karanta a zuci, ta sake karantawa.

"Rubutun ƙanana ne, Iya."

"Ke da ke zura zare a allura ba tabarau? Karanta."

"Wai tukunyar mutanen da ce. Shekara dubu da ɗari biyu. An tono ta a kufai." Ta kai layin ƙarshe. "Ba a san wanda ya gina ba."

Tela ta san tukunyar nan kamar yadda ta san kekenta na ɗinki. Shekara shida da suka wuce wani saurayi mai tonon kayan tarihi ya yi sallama a gidan Iya da jaka cike da tsingaro, gutsattsarin tukwanen da ya haƙo a wani tsohon gari da ya mutu. Kullum yana share su da ɗan burushi kamar mai yi wa jariri wanka, har unguwa ta laƙaba masa Mai Burushi. Ya ce manyansa sun rasa gane yadda mutanen wancan zamanin suka yi zanen da ke jiki. Iya ta juya tsingaro ɗaya a tafin hannu, ta yi dariya, ta murɗa 'yar igiya ta mirgina a kan ɗanyen yumɓu. Zanen ya fito sak. Ranar yaron nan har ƙwalla ya yi.

Daga nan ya zama ɗan gida. Iya ba ta taɓa haihuwa ba, sai ta riƙa kiransa ɗana, tana rufe masa abinci ko bai ce zai zo ba. Da ya roƙe ta ta gina cikakkiyar tukunya irin ta mutanen can, wata uku ta yi tana ginawa tana rushewa. Ya ce za a ajiye ta kusa da tsingaron, da hoton Iya da bayanin aikinta, duniya ta san hannun yana nan da rai.

Yanzu ga tukunyar, an ɓantare mata baki, an dafe ta da ƙasa.

Mai Burushi, wanda yanzu shi ne shugaban wannan sashe, ya taho cikin kwat da baƙi a bayansa. Da ya hango keken sai tafiyarsa ta sauya.

"Iya! Wa ya fito da ke, ga jiki ba daɗi?"

"A rediyo Tela ta ji za ku buɗe. Na ce katin gayyata ne ya ɓata a hanya." Ta nuna gilashin. "Ɗana, wa ya fasa mata baki?"

Ya durƙusa, ya rage murya. "Kama ce kawai, Iya. Ai tukwane suna kama."

"Sa hannu a cikin wuyanta. Za ka ji gurbin yatsan nan nawa da ya karye. Ko su ma mutanen wancan zamanin a ƙofar gidana suka faɗi suka karya yatsa?"

Ɗaya daga cikin baƙin ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Mai Burushi ya taya shi, ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Zan zo gida mu yi magana. Gobe-goben nan."

Da mota ta shigo da su layinsu, Iya ta ce, "Kin ji ni, ashe na shekara dubu. Shi ya sa gwiwoyin nan suka ƙi."

Tela ta so ta yi dariya, abin ya ƙi fitowa.

Washegari Iya ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a inda take ganin ƙofa. Ta sa Tela ta rufe abinci a kwano. Da yamma kaji suka cinye. Haka aka yi kwana huɗu. Tela ta kira wayarsa har sau tara, tana shiga ba a ɗauka. A rana ta biyar ta ce za ta koma gidan tarihin ta tona masa asiri a gaban kowa.

"Wa zai yarda da ke? Shi ke da takarda." Iya ta murza bakin zaninta. "Ba sunan ne ya dame ni ba, 'yar nan. Da ya tambaye ni, wataƙila ma in bar masa. Amma ya dube ni ya ce kama ce."

Daga ranar ba ta sake kallon ƙofa ba. Ta sa aka buɗe rumfar da take ajiye gasassun tukwane, ta kira matan layin ɗaya bayan ɗaya. Matar direba ta samu tulu, mai wanki ta samu kasko biyu, ungozoma ta samu tukunyar miya. "A yi amfani da su," take cewa kowacce. "Wadda ta fashe a zubar. Kada wadda ta ajiye min a kan kantar ɗaki don kallo." Tela ce ta ƙarshe, ta samu randa babba.

Ta rasu da hantsi, ranar Talata, Tela na gyara mata matashi.

Sai da aka kwana biyu ana zaman makoki Mai Burushi ya zo, da mota mai buɗaɗɗen baya. Ya yi gaisuwa, idonsa ja. Sannan ya ja Tela gefe ya ce yana so ya kwashe abin da Iya ta bari, a buɗe mata kusurwa guda a gidan tarihi.

"Waccan takardar fa ta ƙarƙashin gilashi? Za ka sauya ta?"

"Yaya, abin ba sauƙi. An riga an buga a littafi. In na taɓa ta, aikina..."

Tela ta tura masa ƙofar rumfar. Babu komai sai shara da sawun gindin tukwane a ƙasa. Ya daɗe a tsaye. Ya tambayi inda suke, ta ce suna kan wuta. Ya fita bai yi sallama ba.

Da mutane suka watse ta mirgina randar zuwa gidanta, ta kafa ta a inuwa kusa da ƙofar ɗaki, ta juye mata ruwa bokiti biyu. Sabon yumɓun ya fara shan ruwa yana 'yar ƙara siririya. Tela ta zauna a dakali tana saurare, jikin randar yana duhu a hankali daga gindi zuwa sama.