Jinin Jatau a Kwalba

Bara'atu ta kai ƙanena Jatau asibiti a Gusau, aka ɗebi jininsa a kwalba, ba a faɗa mini ba.

Ni wanzami ne, shekara arba'in ina ƙaho a Bungudu. Tun da tari ya kama Jatau bara, sau uku na kafa masa ƙaho a baya. Jinin ya fito baƙi, na haƙa rami na zuba, na rufe da ƙasa, yadda ubanmu ya koya mana. Ba a barin jinin mutum a sarari.

Ran Laraba Bara'atu ta zo da takarda. 'Yar Jatau ce, tana aikin jinya a Tsafe. Ta durƙusa ta gaishe ni, ban amsa ba.

"Baba, sakamakon jinin da aka aika Zariya ya zo. Akwai wata alama da ta yi yawa a jininsa. Likita ya haɗa da hoton ƙirji, yana zaton ciwon daji ne a huhu. Bayan wata guda za a sake ɗiba, a ga ko tana ƙaruwa."

Na ce, "Wanda aka ɗiba, wa ya binne shi?"

"Ba binnewa ake ba, Baba, aunawa ake."

"Bayan awon fa? A kwata aka zuba, ko kare ya lashe?"

Ta ce ba ta sani ba.

"Mi takarda ta gani da ban gani ba? Ni da na riƙe jinin nan da ɗuminsa!"

"Kai launi kake dubawa. Sau uku kana cewa ya warke, ga shi wando ba ya zama a ƙugunsa."

Na kore ta daga zaure. Na rataya zabirata na nufi gidan Jatau, in fitar da sauran mugun jinin kafin su koma da shi asibiti.

Na tarar da shi kwance a inuwa, numfashi na fita da ƙyar. Na jiƙa ƙaho, na wasa aska.

"Juya bayanka."

Ya yi tari ya tofar. "Yaya, kwalba guda suka ɗiba, suka faɗi sunan cutar. Kai rami ukku ka cika."

"Ni kake faɗa ma haka? Juya, na ce!"

"Mai da askarka, Yaya. Ba ni juyawa."