Wayar Goggo Turai a Cikin Kwalla

A shekarar da korona ta sa aka rufe hanyoyi, wasu malaman jami'a daga Kano suka raba wa mutum talatin wayoyi a ƙauyukan Karaye. A cikin kowace waya akwai manhaja mai ƙirga takun mutum, sannan kullum da hantsi ta tambaye shi yadda zuciyarsa take, ya taɓa ɗaya daga fuskoki uku: mai murmushi, mai shiru, ko mai ɗaure fuska. Ikilima, ma'aikaciyar lafiya, ita aka ɗora wa kula da mutanen.

Ran nan shugaban binciken ya kira ta. Ya ce akwai wata tsohuwa a Kafin Dafga, Goggo Turai, kwana tara ba ta yi taku ko ɗaya ba, amma kullum fuskar murmushi take taɓawa. Yana tsoron ko tana kwance ne rai a hannun Allah, tana ɓoyewa.

Ikilima ta ɗaura takunkumi, ta hau acaɓa har ƙofar gidan. Ta yi sallama ba a amsa ba. Tana shirin leƙa ɗaki sai ga Goggo daga rijiya, tulu a ka, tana kora akuya da ƙafa.

Sai da aka gama gaisuwa, aka tambayi gida da aiki da mutanen Karaye, sannan Ikilima ta tambayi wayar. Goggo ta shiga ɗaki ta jawo kwalla daga ƙarƙashin gado. Wayar na ciki, naɗe da sabon kallabi. Ta ce kayan hukuma amana ne, ba za ta yi yawo da su gona su faɗi a tsakanin kunyoyi ba. In ta ji ƙararta sai ta buɗe, ta taɓa, ta mayar.

Ikilima ta danne dariya, ta tambaye ta ko da gaske kullum cikin farin ciki take.

"'Yar nan, baƙo ya gaishe ki, sai ki tare shi da ciwon gwiwa?" in ji Goggo. "Ita kuwa mai ɗaure fuskar nan, sak maigidana marigayi Malam Halliru in tuwo ya makara. Shekara arba'in ina kallonta, ba zan kuma taɓa ta da yatsana ba."

Ikilima ta zauna a tabarma, ta yi mata bayani cewa masu binciken gaskiya suke nema, don su san abin da zaman kulle yake yi wa mutane. Goggo ta jawo gyaɗa tana ɓarewa. Can ta ce gwiwar da sauƙi. Abin da ya hana ta sakat shi ne ɗanta Abdulmumini, da ke sayar da albasa a Legas. Tun da aka rufe hanya ba ta ji muryarsa ba, ga rediyo kullum sai lissafin waɗanda suka kamu.

Lambarsa na rubuce da gawayi a bangon ɗaki. Ikilima ta kira da tata wayar, bugu biyu ya ɗauka, bakinsa cike da abinci. Goggo ta karɓa, ta tabbatar lafiyarsa ƙalau, sannan ta shiga yi masa faɗa. Ta yi ta yi har ɗan acaɓan da ke jira a waje ya gaji ya kashe babur ya nemi inuwa.

Daga ranar Goggo ta riƙa ƙulle wayar a bakin zani duk inda za ta. Cikin mutum talatin ɗin nan babu wanda ya kamo ta a taku, har da magidanta masu noma.

Bayan mako guda akuyarta ta ɓata, ta taɓa fuska mai shiru. Kafin azahar ta sa maƙwabciyarta Sauda ta kira mata Ikilima.

"Ki gaya wa mutanen Kano kada su tayar da hankalinsu," ta ce. "An ga akuyar a gidan mai unguwa, tana cin dusa."