Geron Ɗan'azumi

Ƙwaron ya sake dawowa da hantsi. Ɗan mitsitsi ne, baƙi, mai siririn ƙugu kamar na zanzaro. Ya sauka a bayan koriyar tsutsar da ke cin ganyen yakuwa a gindin danga, ya lanƙwashe, ya soke ta. Tsutsar ta murɗe, ta yi ta kaɗa kai, sannan ta koma cin ganyenta. Jiya ma an soke ta, haka shekaranjiya. Turai ba ta sani ba ko ƙwaro ɗaya ne, ko kuwa shi da 'yan'uwansa ne suke karɓa-karɓa.

A da ina ta ga lokacin kallon tsutsa? Takaba ce ta zaunar da ita. Mijinta Ɗan'azumi ya rasu gero yana fidda kai, ya bar mata 'ya'ya mata uku da gona guda a bayan garin Surko, gonar da ba ta da halin takawa sai ta fita takaba.

"Salamu alaikum! Ina amaryata?"

Munzali ne, ƙanin mijinta. Wasan da suke yi tun tana amarya, shi bai ga dalilin dainawa ba.

"Amaryar taka tana takaba, Munzali. Ka ji kunya mana."

"Ai kunyar ce ta kai ni gonarki. Na yanke miki geron." Ya nuna 'yan dammunan da ya jingine a bakin zaure. "Sai dai bana tsuntsaye sun yi ɓarna, wallahi."

Ta dubi zangarkun. Geron Ɗan'azumi mai gashi ne, irin da ya gada wajen kakansa. Gashin yana tsokane wa tsuntsu ido, shi ya sa ba a taɓa korar tsuntsu a gonarsu ba. Munzali ya san haka. Ya kuma san ta sani.

"Allah ya saka," ta ce.

Bayan la'asar ta tsince zangarkun da suka fi cika, ta ɗaure dami guda, ta aika ƙauyen Kiyako a kira mata ƙaninta Musbahu. Ita ta goye shi bayan rasuwar innarsu.

"Ka kai min wannan rumbunka. Iri ne. Ko da kuka na zo maka, kada ka ba ni sai ruwan shuka ya sauka."

"Yaya, ko gobara aka yi a gidana, shi zan fara fitarwa kafin matata Batulu."

Ta yi dariya, karo na farko tun rasuwar.

* * *

Tsutsar ta daina ci. Ta maƙale a ƙarƙashin ganye, ba ta mutu ba, ba ta motsi. Wata safiya bayanta ya ɓule ko'ina, ƙananan tsutsotsi farare suka riƙa fitowa, suna hawa kan juna. Sun yi yawa, kuma duk a rame. Kafin azahar sun bushe tare da ita. Ko ɗaya bai yi fiffike ba.

A makon ne Ɗanbala, wan mijinta, ya kwashe waken gonar, wai zai adana mata kada ƙwari su ci. Kawunsu ya kwance san noma, wai sadakar arba'in. Kowannensu shi kaɗai yake zuwa. Zai tsuguna, ya yi mata ya haƙuri, ya yi wa mamaci addu'a mai tsawo, sannan ya ce ɗan kaɗan ne. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da na gabansa ya bari.

Da ta fita takaba ta shiga surfe da sussuka a gidajen mutane. Sau biyu 'yan matan suka kwana da ruwan kanzo. Ta tuna damin da ke Kiyako, ta danne zuciyarta.

* * *

Ruwan farko ya sauka da asuba. Gari na wayewa ta naɗe buhu, ta kama hanya.

Batulu ta shimfiɗa mata tabarma, ta yi ta jan gaisuwa, ta kawo jariri a gani. Musbahu ya daɗe a ɗaki kafin ya fito.

"Na zo ɗaukar irina."

Ya zauna nesa da ita, yana sosa ƙeya.

"Yaya, kin san sunan yaron nan ya zo mana hannu babu komai. Ga baƙi, ga dangin Batulu tun daga Gwaram. Da shi aka yi furar suna."

Ta ajiye buhun a gefenta. Ya ci gaba:

"Dami ɗaya ne fa. Na ce wadda ta girbe gona guda ai ba za ta rasa wani ba."

"Ni ma na sha furar," ta ce. "Kai ka kawo min da hannunka."

"Zan samo miki iri a kasuwar Birnin Kudu. Gero ai gero ne."

"Mai gashi?"

Ya sunkuyar da kai. Jaririn ya fara kuka, Batulu ta samu dalilin shigewa ɗaki.

Turai ta miƙe, ta gyara mayafinta. A waje ƙasa tana ƙamshi. Maza suna wucewa da sungumi a kafaɗa, mata da yara a bayansu da ƙoren iri, kowa yana sauri kada laimar ƙasa ta tsere. Ta matsa gefen hanya, ta ba su wuri.