Ranar da aka kira Sauro

Matar Injiniya tela ce. A falon gidansu take aiki, keken ɗinkinta a gindin taga, guntayen yadi a warwatse har bakin ƙofa. Shi kuwa Injiniya ba wani karatun injiniyanci ya yi ba. Gyaran waya da na'urorin gem, wato wasan bidiyo, yake yi a wani ɗan shago a bakin titi, abokai suka liƙa masa sunan, ya karɓa hannu bibbiyu. Da ciniki ya lafa sai ya kunna gem ɗin faɗa, ya shiga intanet da sunan Guduma, ya yi ta jibgar mutanen da bai taɓa gani ba.

Sau ɗaya ta taɓa cewa ya koya mata. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Madam, ai wannan ba zura zare a allura ba ne. Sai kin shekara kina danne-danne kafin ki gane hagu da dama."

Ta ce, "To." Ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Akwai wata tsohuwar na'ura da wani ya kawo gyara ya ƙi dawowa ɗauka. Injiniya ya kawo ta gida ya tura ƙarƙashin kujera, ya manta da ita. Ita ba ta manta ba. Kullum idan ya fita ta gama ɗinkin safe, sai ta jawo ta, ta jona da talabijin. A cikin mayaƙan gem ɗin ta zaɓi wani siririn tsoho mai sanda, wanda ba ya dukan kirki, sai dai ya ɗan tsokane ka a ƙafa ya ja da baya. Ta sa wa kanta suna Sauro.

Ranar da ta fara neman Guduma a intanet, sau goma sha ɗaya ya kayar da ita. Bayan wata biyu ta fara cin ɗaya cikin uku. Bayan wata biyar kuwa, Injiniya ya fara dawowa gida da fuska kamar an aiko masa da mugun labari.

"Lafiya, Maigida?" in ji ta, tana ajiye masa abinci.

"Wani ɗan banza ne ya addabe ni. Sauro. Ba ya tsayawa a yi faɗa irin na maza, sai tsokana. Na san yaro ne, irin waɗanda ba su da aikin yi."

"Kai, Allah ya shirye shi. To gobe me za ka yi masa?"

Shi ke nan sai ya ture kwano, ya zayyana mata komai. Zai yi kamar zai yi tsalle, sai ya duƙa, idan Sauro ya matso ya cafke shi ya maka da ƙasa. Tana gyaɗa kai tana cewa, "Ikon Allah, ashe abin da lissafi yake." Washegari Guduma ya yi kamar zai yi tsalle, ya duƙa, Sauro ya tsaya daga nesa yana kallonsa, sannan ya ɗora masa sanda a ka.

Da aka sanar da gasar yanki, Injiniya ya yi rajista tun ranar farko. Ita ma ta yi, ta waya, tana gugar kayan wata mata. Ta ce za ta raka shi ta yi masa tafi. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya ce ta sa sabon ɗinkinta, don wataƙila a ɗauke su hoto da kofi.

Wani babban ɗakin taro aka kama. Tun da safe ya cika. An jera tebura layi-layi, kowanne da talabijin da kujeru biyu, wayoyin wuta an manne su a ƙasa da salatif. Fankoki suna ta juyawa amma zafi bai ragu ba. Ko'ina ƙarar maɓallai kake ji kamar ana ruwa a kan kwano, can sai wani ɓangare ya ɓarke da ihu. A gaba an kafa dandamali da ƙaton allo, wani mai sharhi yana ta zuba a lasifika. Akwai 'yan makaranta, akwai magidanta masu tumbi, har da wani da ya zo da rimot ɗinsa a akwati mai kwaɗo.

Injiniya ya je duba takardar sunaye a bango. Ya dawo da gudu.

"Madam, ya zo! Sauro yana cikin ɗakin nan!"

"Haba dai! Wanne ne?"

Ya dudduba, ya nuna wani saurayi da ya rufe rabin fuska da takunkumi. "Wancan ne. Dubi idonsa, idon munafukai."

Bawan Allahn nan bai san hawa ba bai san sauka ba, ya yi ta shan harara.

Zagayen farko ba a lasifika ake kira ba, masu kula da tebura ne ke bi da takarda. Aka kai Injiniya tebur na uku. Ita ta ce za ta je ta sha iska, ta zagaya bayan wani ginshiƙi inda tebur na sha huɗu yake. Abokin karawarta na farko ya tashi ya ba ta kujera, ya zaci uwar wani ce ta gaji da tsayuwa. Minti huɗu ta sallame shi. Na biyu ya fi taurin kai, amma shi ma ta kayar da shi. Ta dawo ta tarar da Injiniya ya ci nasa biyun, yana ta ba da labari.

"Kin ga kamun da na yi masa?"

"Na gani mana. Har tsigar jikina ta tashi."

Bayan azahar ya rage saura mutum goma sha shida, aka koma babban allo. Mai sharhi ya gyara murya.

"Guduma da Sauro, dandamali yana jiran ku!"

Injiniya ya miƙe yana murza wuya. Ya taka matakala, ya ji takun mutum a bayansa. Ya waiga.

"Madam, ba a hawa nan da rakiya. Koma ki zauna."

Ta wuce shi ta zauna a ɗaya kujerar. Ta buɗe jakarta, ta ture almakashi da tef ɗin awo, ta zaro tsohon rimot ɗin na'urar nan ta ƙarƙashin kujera, wanda ta ɗinka wa riga da ragowar yadin labulensu. Ta jona, ta zaɓi tsoho mai sanda.

Injiniya ya kalli rimot, ya kalli allo, ya kalle ta.

"Ke ce?"

"Zauna, Maigida, mutane suna jira."

Wani abokinsa direba da ke cikin taro ya ƙwala ihu, "Matarsa ce!" Ɗaki ya ɗauka. Mutane suka baro teburansu suka taho, mai sharhi ya ce shi dai yau ba ruwansa, kada a kira shi sulhu.

Wasan farko ko taɓa ta bai yi ba. Ƙaton mayaƙinsa ya yi ta kai cafka yana damƙar iska.

"Tun yaushe?" ya ce, idonsa a kan allo.

"Wata tara."

"Kina zuba mini abinci kina tambaya ta gobe me zan yi!"

"Ai kai ke faɗa. Ni na taɓa matsa maka?"

A wasa na biyu ya watsar da duk wani lissafi. Ya afka mata kamar mahaukaci, ba tsari ba dabara, ita kuwa ba ta taɓa ganin wannan Guduman ba. Ya kama tsohonta sau uku ya nana da ƙasa. Ɗaya da ɗaya. A gida idan ta sha kashi keken ɗinki kaɗai ke gani. Nan kuwa mutum ɗari biyu ne a bayanta.

Wasa na uku ya yi nisa, kowa jininsa ya kusa ƙarewa a allo, sai Injiniya ya karkato kai ya ce ƙasa-ƙasa, "Kin cire dutsen guga daga wuta kafin mu fito?"

Hannunta ya tsaya cak. Dutsen guga! Ya samu ya zabga mata naushi, saura ƙiris jinin tsohonta ya ƙare. Sai ta tuna ta cire, har ta naɗe wayar. Ta ga gefen bakinsa yana motsi, yana danne dariya. Ta ja tsohonta baya.

"Na cire. Kai ka kulle shago jiya? Na ga kwaɗon a aljihun wandonka."

Ya ɗan zabura ya kai hannu aljihu. Sanda ta sauka a ƙafar Guduma. Ƙato ya zube.

Ihu ya cika ɗakin. Injiniya ya laluba aljihun, babu kwaɗo babu dalilinsa. Sannan ya tashi ya ɗaga hannunta sama, yana ce wa mai sharhi, "A gidana ta koya. A rubuta."

Zagaye na gaba ta haɗu da wani likitan haƙori, mutum mai sanyin hali da farin tabarau, wanda aka ce shi ya ci gasar bara. Wannan ba ya jin tsokana. Duk inda ta kai sanda, ya riga ya bar wurin. Injiniya ya tsaya a gindin dandamali yana ta zuba umarni: "Duƙa! Ja baya! Madam, ƙafarsa!" Sau biyu alƙalin gasa yana gargaɗinsa, na uku ya sa aka mayar da shi kujerar baya. Daga can ma ana jiyo shi. Ta ci wasa ɗaya tak, likita ya cinye sauran. Ya miƙe ya ce mata, cikin ladabi, ta ci gaba da ƙoƙari, nan da shekara biyar za ta iya.

Ta sauko ranta a dagule. Injiniya ya fi ta jin haushi.

"Shekara biyar? Shi wa ya haife shi da rimot a hannu?"

Suka zauna a baya suna kallon wasan ƙarshe, likita yana ta ragargazar saurayin nan mai takunkumi. Wata mata da ke kusa da su, riƙe da jakar namiji da robar ruwa, ta matso ta taɓa hannun telar.

"'Yar'uwa, wancan mai tabarau mijina ne. Shekara shida ina riƙe masa jaka." Ta rage murya. "Da wuya koyon abin nan?"

Kafin ta amsa, Injiniya ya leƙo da kai ta kafaɗarta.

"Ƙarfe nawa yake tafiya asibiti?"

"Bakwai da rabi."

"Akwai na'ura a shagona, fankarta kawai zan canja. Ki zo ranar Litinin da takwas. Madam za ta koya miki."

A kan dandamali likita ya ɗaga kofi yana neman matarsa da ido. Ta miƙe ta yi masa tafi da dukan ƙarfinta, sannan ta zauna ta ce a ba ta kwatancen shagon.