Faifan Kyaftin Ingunn

Faifai na uku ke nan da na'urar DVD ta tofo. Oddny ta durƙusa a gaban talabijin tana kallonsa, gwiwoyinta na zogi.

"Kin gama ɓarnar?" in ji mijinta Torleif, bai ko sauke jarida ba.

"Sha shayinka," ta ce.

Bidiyon da ta zuba a faifan minti goma sha ɗaya ne. 'Yarsu Ingunn ce a ciki, ranar da ta fara jan jirgin fito a matsayin kyaftin, ɗauke da motoci tamanin. Abokin aikinta ne ya ɗauka da waya, ta turo wa uwarta. Oddny ta kalla ya fi sau ashirin. Torleif kuwa ko sau ɗaya. Shekara arba'in ya yi a teku bai wuce mataimakin kyaftin ba, kuma ranar da Ingunn ta ajiye aikin asibiti ta tafi makarantar tuƙin jirgi, ya ce mata ba za ta kai labari ba. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa su. In Oddny ta miƙo masa wayar, sai ya ce idonsa ba ya ganin abu kamar kwalin ashana. Shi duk abin da bai shiga na'urarsa ta DVD ba, ba kallo ba ne.

Ta sa rigar ruwa, ta cusa kwamfutarta da faifan a jaka, ta hau bas ɗin ƙarfe goma zuwa laburare.

Gunvor, mai kula da wurin, tare suka yi aikin gyaran kifi a masana'anta shekarun baya. Ta duba faifan ta yi dariya.

"Ai zuba shi kawai kika yi, kamar dankali a buhu. Na'urar mijinki tsohuwa ce irinsa, ba ta jin yaren waya. Sai an juya mata shi. Kawo in yi miki."

"Nuna min dai. Da hannuna zan yi."

"Oddny, shekarunki saba'in da ɗaya."

"Na san shekaruna."

Gunvor na faɗa, ita tana rubutawa a bayan ambulan. A gwajin farko hoton ya fito a kwance, teku a tsaye kamar bango. Ta nemo inda ake miƙar da shi. A na biyu murya ta riga baki. Ta sake daga farko. Sai wajen ƙarfe biyu faifan ya fito da ɗuminsa. Ta karɓi alƙalami ta rubuta a kai: Kyaftin Ingunn.

Da ta koma gida ta nufi na'urar. Ta saka faifan, ta tsaya da rigar ruwanta tana ɗiga a kan darduma. Na'urar ta yi ƙugi, ta yi shiru, ta sake ƙugi. Sai ga teku ya cika talabijin, da Ingunn a tsaye a ɗakin tuƙi, hannu ɗaya a kan linzami, tana ba da umarni a hankali kamar mai neman a miƙo mata gishiri.

Jaridar ta sauka kan cinyar Torleif.

"Iskar yamma ce," ya ce. "Mugunya kuwa." Ya matso bakin kujera. "Ta yi sauri. Rage, yarinya, rage."

Jirgin ya karkata, ya miƙe, ya je ya jingina da gadar tasha, ko kofin da ke gefen Ingunn bai motsa ba.



"Mayar baya," ya ce.

Ta mayar. Sau uku suka kalli wurin. A na ukun ya nuna da yatsa. "Kin ga yadda ta bar iska ta yi mata rabin aikin? Kyaftin biyu na sani da suka fasa gadar nan a irin wannan rana." Ya share hanci da bayan hannu. "Wa ya yi miki faifan?"

"Ni."

"Ke?"

"Ni da kaina."

Ya miƙe, ya ɗauko hularsa, ya danna maɓalli faifan ya fito. Ranar Alhamis ce, ranar da tsofaffin ma'aikatan jirgi ke haɗuwa a shagon kofi na bakin tasha, kuma akwai talabijin a can.

Oddny ta riga shi kai hannu. "Wannan nawa ne. In kana so, ka roƙa in yi maka naka."

Ya tsaya yana jujjuya hular. "To, ki yi min biyu. Ɗaya na abokina Arnfinn ne. Shi ya yi ta cewa ba za ta iya ba."

"Arnfinn ne ya ce?"

Torleif ya juya yana duban ruwan sama ta taga. Oddny ta cire rigarta ta rataye, ta ja kujera, ta buɗe kwamfutar.

"Zauna," ta ce. "Kowanne minti arba'in yake ɗauka. Ga waya nan, Ingunn na tashi aiki ƙarfe huɗu."